Gida Mai Lamba Sittin da Uku

Lambar gidanmu sittin da uku. Maƙwabcinmu na dama lambarsa ɗari da arba'in, na hagu kuma goma sha tara. Duk wanda aka haifa a Jeti-Terek bai taɓa ganin abin mamaki a wannan ba. Shekarar da gonakin gwamnati suka watse, iyayenmu suka gangaro daga duwatsu suka kafa turaku a wata tsohuwar gonar albasa a gefen Bishkek, Jumakadir ne ya fara isowa, da matarsa da akuya biyu da littafin makarantar ɗansa. Duk wanda ya sauke kaya a bayansa, sai Jumakadir ya rubuta sunansa a littafin ya ba shi lamba ta gaba, mutum kuma ya je ya gina inda ransa ya so. Na farko-farko suka rungume bakin magudanar ban-ruwa, don a lokacin babu wani ruwa sai nata. Na baya suka cike tsakiya.

A wurinmu lamba ita ce girman mutum. Ita take zaunar da kai a wajen biki ko zaman makoki. In an yanka rago, kan yana zuwa gaban mafi ƙarancin lamba a ɗakin. In an kira taro, ɗaya ne zai fara magana, sai biyu, sai uku, har a kai kan wanda ya zo jiya, in ya samu sauran masu sauraro. Mahaifina, Toktosun, ya makara da wata biyu saboda ya tsaya sayar da tumakinsa, shi ya sa shekara ashirin da shida bai taɓa ɗanɗana kan rago a unguwarmu ba. Bai taɓa kuma yin ƙorafi ba.

Duk waɗannan shekaru ba mu da takardar komai. Hukumar birni ta ce mu na gunduma ne, gunduma ta ce mu na birni ne, ƙaramar bas ma a bakin babbar hanya take juyawa ta bar mu da ƙafa. Sai a bazarar bara, dusar ƙanƙara ta narke ke nan, aka manna wata takarda a jikin kwantenar da muke sayen burodi. Ni na karanta wa mutane da ƙarfi, don ni ce mai shekara huɗu a makarantar awon ƙasa, ko da yake a shagon buga takardu nake aiki.

Takardar ta ce an amince da Jeti-Terek. Gidaje daga lamba ɗaya zuwa hamsin za a ba su jan littafi, wato takardar mallaka. Daga hamsin da ɗaya zuwa sama kuwa sun faɗa cikin filin da doka ta keɓe wa magudana, mita hamsin daga bakin ruwa, don haka su tashi kafin ƙarshen Oktoba.

Na sake karantawa. Daga inda nake tsaye ina hango rufin gidanmu, gab da dogayen bishiyoyi ukun da suka rage daga bakwai ɗin da aka sa wa unguwar sunansu. A tsakiyar unguwa muke cif. Ina yarinya, in aka aike ni ɗebo ruwa, sai na huta sau biyu kafin in dawo da bokiti.

Da na shiga gida na tarar da mahaifina yana shafa wa bishiyar tuffa farar ƙasa. Na gaya masa. Ya ci gaba da shafawa.

"Ata, ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Akmaral. Kuskure ne. Za su gane."

"Wa zai gane? Wa ya taɓa zuwa nan a cikinsu?"

"To ke je ki gaya musu mana. Me aka kai ki makaranta ki yi?"

Washegari na je ofishin filaye. Na yi layi daga safe har azahar kafin in kai taga ta shida, inda wani mutum mai ƙaramin gashin baki yake zaune da kofin shayi. Na ce ya nuna mini taswirar da aka yi aiki da ita. Ya dube ni kamar na ce ya ba ni rigarsa, amma ya jawo ta. Taswira ce da ta girme ni. Ga babbar hanya a kudu, ga magudana a arewa, ga manyan falwayoyin lantarki a yamma, ga bututun hayaƙin masana'antar bulo da ta mutu a gabas. Tsakaninsu kore ne fetal, an rubuta gonar albasa. Wani ya ja layi da fensir ya rarraba koren, ya sa ɗaya a bakin hanya, ya yi ta ƙirgawa yana gangarowa zuwa ruwa.

"Baike," na ce, yadda muke kiran namijin da ya girme mu, "wa ya ce muku haka lambobinmu suke?"

"Haka lambobi suke a ko'ina, ƙanwata. Daga hanya ake farawa."

"Mu daga wanda ya riga zuwa muke farawa."

Ya ajiye kofin. "Wanda ya riga zuwa ina?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har da leƙawa taga ta biyar ya gaya wa matar da ke can. "Ji mutanen dutse. Sun mai da unguwa layin sayen nama." Sannan ya juyo. "Kin ce kin yi karatun awo? To kawo mini taswira ta gaskiya, kowane gida da lambarsa da nisansa daga ruwa, mai unguwarku ya sa hannu. Sai mu gani."

Na fito kaina a sama. Abin da bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne cewa ƙara tana da wa'adi.

Na ari igiyar awo mai mita hamsin a wurin wani tsohon malamina. Kullum in na taso daga shago da la'asar, sai in shiga lungunan unguwa ina awo har rana ta faɗi bayan falwayoyi. Gida ɗari biyu da goma sha biyu ne, ba layi ɗaya da ya miƙe. Mutane suka ɗauka alheri nake kawo wa kowa. Masu manyan lambobi suna fito mini da shayi da soyayyar fulawa, masu ƙananan lambobi ma suna fitowa, don a ganinsu aikin bai shafe su ba.

Igiyar awo tana son mutum biyu. Mahaifina ƙirjinsa ba ya barinsa yawo, hayaƙin kwal na shekaru ya cinye masa huhu. Kalbubu apa ce ta ce za ta riƙe mini, apa kuwa a wurinmu uwa ke nan. Lambarta huɗu. Mijinta ya rasu tun ina goye, ba ta da ɗa a raye. Ita ta karɓi haihuwata a daren da bas ta ƙi shigowa, ita ta yi wa mahaifiyata wanka ranar da ta rasu, ita kuma ta koya mini murza taliya don kada dangin miji su yi mini dariya. Shekararta saba'in da wani abu, amma ta fi ni sauri a cikin taɓo.

"Ja da kyau, malama," take cewa. "Kada ki ce tsohuwa ce ta ɓata miki lissafi."

"Apa, ki sa a gindin bango, ba a gindin kaza ba."

"Kazar ma 'yar unguwa ce. Ta riga ubanki zuwa."

Daga kudu na fara, don haka sai a mako na uku muka iso bakin ruwa. Tun kafin mu iso na san abin da zan tarar. Na sani tun ina tsaye a taga ta shida, na dai ƙi bari tunanin ya zauna. Gidan Jumakadir mita goma sha bakwai. Lamba biyu, mita ashirin. Lamba uku, goma sha ɗaya. Da muka zo nata, ta tsaya a gindin bangonta da bakin igiyar, ni na taka zuwa gaɓar siminti. Ban ma yi nisan da zan ɗaga murya ba.

"Nawa?" ta ce.

"Tara."

"Tara da kyau ne ko ba kyau?"

Ina iya cewa ban sani ba tukuna. Amma ban saba ƙarya ba, kuma a lokacin ina ganin wannan abin alfahari ne.

"Ba kyau, apa. Duk abin da bai kai hamsin ba yana cikin filin magudana."

Ta tsaya tana kallon ruwan. "To ai takarda ta ce ni ina ciki."

"Takardar ta yi kuskure."

"In kin kai musu wannan fa?"

"Za su ga gaskiya."

Ta naɗe bakin igiyar a yatsanta, ta warware. Na zaci za ta jefar. Sai ta ce, "Saura gida nawa?" Na ce goma sha shida. Ta ce, "To mu ƙarasa. Ba na barin aiki a rabi." Muka ƙarasa, ba ta ƙara yi mini wasa ba.

Na zana taswirar a babbar takarda, da hannuna, kwana huɗu. Har yau ban ga aikin da ya fi ta tsabta ba, ko a makaranta. Cikin gidaje hamsin na farko, talatin da huɗu suna cikin filin magudana. Cikin ɗari da sittin da biyun da aka ce su tashi, guda biyar kacal ne a ciki. Namu yana mita ɗari huɗu da goma sha biyu daga ruwa.

Na kai wa Jumakadir, mai unguwarmu, don ya sa hannu. Ya ce abu ne na jama'a, sai an yi taro. Ya ce ranar Juma'a. Juma'a ta zo ya ce jikansa zai yi aski, sai ta sama. Mako biyu ya ja ni.

An yi taron a ƙarƙashin bishiyoyi ukun, da hantsi. Aka shimfiɗa wa dattawa dardumar ulu, sauran mutane suka tsaya. Na buɗe taswirar a ƙasa na danne kusurwoyinta da duwatsu. Jumakadir ya fara, kamar kullum. Bai dubi taswirar ba. Ya ba da labarin sanyin shekarar farko, yadda suka kwana a rami an rufe da kwano, yadda 'yan sanda suka zo sau uku suka tumɓuke turakunsu suka sake kafawa. Duk gaskiya ne. Ya ce Allah ne Ya sa gwamnati ta san waɗanda suka sha wannan wuyar. Sannan biyu ya yi magana, sannan uku. Da aka zo huɗu, Kalbubu apa ta ce, "Ba ni da ta cewa," ta ja bakin ɗankwalinta.

Haka aka yi ta tafiya. Na tsaya rana tana dukana ina jiran sittin da uku. Mutum hamsin suka faɗi abu ɗaya ta hanya hamsin. Kafin a kai kanmu azahar ta wuce, rabin matan sun tafi ɗora abinci. Aka kira Toktosun. Mahaifina ya miƙe yana tari, ya ce, "Na ba 'yata bakina."

Wani daga baya ya ce, "Yau kuma mata ke da lamba?"

Na ce, "Yau awo ke da lamba, baike. In ka iya, zo ka karɓa."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Na nuna musu layin mita hamsin da na ja da jan alƙalami. Na ce ba na son gidan kowa ya faɗi. Na ce akwai hanya: mu je gaba ɗaya, gida ɗari biyu da goma sha biyu, mu nuna musu gaskiya, mu nemi a bar na bakin ruwa saboda daɗewarsu. In kuwa ba haka ba, mu sake lambobi bisa layi kamar kowace unguwa, a san wanda ke ina.

Da na ce a sake lambobi, sai ka ce na zagi iyayensu.

"A sake?" Jumakadir ya ce. "Ni in zama me? Ɗari biyu?"

"Aksakal," na ce, yadda muke kiran dattijo, "lamba ce kawai a jikin ƙofa."

"A jikin ƙofarku lamba ce kawai. 'Yar sittin da uku, lokacin da nake fasa ƙanƙara da gatari don in samo wa yara ruwa, ubanki yana can yana cinikin tumaki."

"Shi ya sa gidanka yake mita goma sha bakwai daga ruwa, namu ɗari huɗu. Ban ce ba ka sha wuya ba. Na ce ba mu ne a bakin magudana ba."

"Wa ya tambaye ki?"

"Katafila za ta tambaye ni a watan Oktoba."

Ya dubi mahaifina, ba ni ba. "Toktosun, azarar rufinka wa ya ɗauko ta daga bakin hanya?"

Mahaifina ya sunkuyar da kai. "Kai da Kalbubu da mijinta, aksakal."

"Bulon bangonka wa ya buga?"

"Gayya aka yi mini."

"To ka ji." Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. "Ba zan sa hannu a takardar da za ta rushe gidan waɗanda suka gina naka ba."

Waɗanda lambarsu ta fi tamu fa, kusan mutum ɗari da hamsin, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Layinsu bai zo ba, mai unguwa kuma ya tashi, taro ya watse. Wasu sun same ni daga baya a lungu, suna waige-waige, suna cewa ki kai, 'yar'uwa, ki kai, muna bayanki. Na ce su sa hannu. Sai kowa ya tuna ya bar wani abu a wuta.

A gida mahaifina ya zauna a bakin ƙofa yana numfashi da ƙyar.

"Bar shi, 'yata."

"In bar shi su rushe mana gida a kan kuskuren fensir?"

"Kalbubu ina za ta je? Mu muna da ke. Ita wa take da shi?"

"Kai ina za ka je da wannan ƙirjin? Ɗakin haya a hawa na biyar?"

"Ni ba zan iya haɗa ido da su ba."

"Ni zan iya."

Ya yi tari. Sannan ya ce, "Uwarki ma haka take. Ba a taɓa cin ta da magana ba." Ban sani ba ko yabo ne.

Na kwana biyu ina juya abin. Ba zan ce ban yi tunanin Kalbubu apa ba. Na gaya wa kaina cewa in hukuma ta ga gida ɗari da hamsin da bakwai ba su da laifi, dole ta sake zama, in ta sake zama kuma za a samo wa tsofaffin wata mafita. Na yarda da wannan don ina son in yarda. Ranar Litinin na naɗe taswirar na kai taga ta shida ba sa hannun kowa sai nawa.

Mai gashin bakin ya buɗe ta, ya daina murmushi. Ya bi layukan da yatsa. "Ke kika yi wannan?"

"Ni ce."

"Ina sa hannun mai unguwa?"

"Ya ƙi."

"Ai dole ya ƙi." Ya buga hatimi a wata 'yar takarda ya miƙo mini. "Za ki ji daga gare mu."

A ƙarshen Yuli mutum biyu suka zo da na'urar awo mai ƙafa uku. Karo na farko ke nan da wani daga ofishin ya taka unguwarmu. Suka yi wuni ɗaya a bakin magudana kawai, ba su ko shigo tsakiya ba. Mata suka tsaya a ƙofofi suna kallonsu, suna kallon gidanmu.

Amsa ta zo a watan Agusta, an manna ta a jikin kwantena, wannan karon ba wanda ya ce in karanta masa. Sakin layi biyu ne. Na farko ya ce bincike ya tabbatar gidaje talatin da huɗu daga cikin hamsin na farko suna cikin filin magudana, don haka an janye amincewar da aka yi musu, za a sanar da ranar tashinsu nan gaba. Na biyu ya ce ƙorafin da aka shigar game da gidaje hamsin da ɗaya zuwa sama ya zo bayan kwana talatin da doka ta ba da, don haka hukuncin farko yana nan.

Na koma taga ta shida ban ko yi layi ba.

"Taswirata daidai take ko ba daidai ba?"

"Daidai take. Mutanenmu sun ce ko mita ɗaya ba ki kuskure ba."

"To in kun yarda da ita a kan talatin da huɗu, me ya hana ku yarda da ita a kan namu?"

"Abu biyu ne daban, ƙanwata. In aka sanar da mu an karya doka, kowace rana muna karɓa. Ƙara kuwa kwana talatin ne. Kin zo a rana ta arba'in da shida."

"Kai ka ce in je in yi taswira."

"Na ce ki yi. Ban ce ki daɗe ba." Ya rage murya. "Da kin rubuta layi biyu a ranar, ko a bayan takardar burodi, da an tsayar da ƙirga. Kin ce kin yi makaranta, na ɗauka kin sani."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na tambaye shi inda ake ɗaukaka ƙara, ya rubuta mini. Na je can, suka ce batun gunduma ne. Gunduma ta ce tun bazara an mai da mu birni. Na rubuta wasiƙa goma sha ɗaya tsakanin Agusta da Oktoba, kowacce ina da 'yar takardarta mai hatimi.

A unguwa aka daina gaishe mu. Masu ƙananan lambobi suna da dalili. Masu manyan lambobi kuma suka ce na tsokano hukuma, da an yi shiru wataƙila da an manta da mu kamar yadda aka saba. Aka yi bikin aure a lamba talatin, ba a aiko mana ba. Wani ya zo ya shafa wa lambar ƙofarmu taɓo, na wanke, aka sake, na sake wankewa. In na je sayen burodi sai hira ta tsaya. Nakan ce, "Ku ci gaba mana, ni ma ina son in ji abin da na yi yau." Ban taɓa sauya hanya ba. Mahaifina dai ya daina fita ko masallaci.

A tsakiyar Oktoba katafila biyu suka zo suka tsaya a gindin bututun masana'antar bulo. Daga gabas za su faro. Wanda ya bari suka iso shi, ba ya tsira da ko ƙusa, don haka kowa ya shiga kwance gidansa da kansa, ya ceci kwano da azara da tagogi. Aikin gayya ne, kamar ginin. Ana tashi da safe a taru a gida ɗaya, kafin azahar an sauke rufi, a sha shayi a wuce na gaba. Ina jin su suna kiran juna, ɗari da arba'in ma da ke jikin bangonmu an yi masa. Da suka gama nasa suka tsallake mu.

Na sami ɗaki ɗaya a bayan kasuwa, a ƙasa, ba hawa. Ranar Asabar na jingina tsani a bango. Mahaifina ya fito zai riƙe mini, tari ya durƙusar da shi, na mai da shi kan kujera a gindin tuffa na lulluɓe shi da bargo. Na hau ni kaɗai da guduma. Ƙasar ta jiƙe, tsanin yana zamewa, kowace ƙusa na zare sai na ji ya motsa a ƙarƙashina. Na zare shida. A ta bakwai tsanin ya tsaya cak.

Na duba ƙasa. Kalbubu apa ce, ta sa ƙafa ɗaya a matakin farko, ta kama da hannu biyu. Ta ajiye ƙunshin burodi a kan taga. Wata uku ke nan ba ta yi mini magana ba.

"Apa," na ce.

"Yi aikinki."

Na ci gaba. Kwano goma sha takwas ne, ina zarewa ina zuro mata, tana karɓa tana jinginawa. Da na kai kan babbar azarar tsakiya, ta ɗaga kai ta dube ta.

"Wannan ta goge mini kafaɗa," ta ce. "Mijina yana gaba, Jumakadir a tsakiya, ni a baya. Uwarki tana da cikinki, tana bin mu da buta."

"An ba ku rana?" na ce.

"Sun ce bayan sanyi."

"Ina za ki?"

"Wa ya sani."

Na so in ce ta zo ɗakinmu na bayan kasuwa. Na so in ce wani abu dabam kuma, wanda ban saba faɗa ba. Na riƙe gudumar ina kallon unguwar daga sama: rabin gidaje ba rufi, bishiyoyi ukun, falwayoyi, ruwan magudana yana ƙyalli can nesa.

"Akmaral."

"Na'am, apa."

"Daga nan zuwa ruwa nawa kika ce?"

"Ɗari huɗu da goma sha biyu."

Ta gyaɗa kai. "Kin iya awo," ta ce. "Sauko da azarar, hannuna ya fara sanyi."

Mu biyu muka sauke ta, da igiya, ta kusa karya mini ƙafa. Da la'asar motar kaya ta zo. Kafin mu tafi na ɗauki guduma na ɓamɓare farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa, mai sittin da uku, na sa a jakata tare da takardun nan goma sha ɗaya. Na ce wa Kalbubu apa akwai wuri a ɗakin. Ta ce ita lamba huɗu ce, ba ta tashi kafin a tashe ta, ta ɗauki mayafin da ta ƙunso burodin ta kama hanyar bakin ruwa.

An rushe bangon ranar Talata. Ban je ba, ina wurin aiki. Ranar Laraba na kai wasiƙa ta goma sha biyu.